Jinya a gida: littafi, nas, na'ura ko waya, wanne ke fara gano matsala?

A ɗakin kwanciya na asibiti, ko a Garwa ne ko Marwa ko Ngaundere, akwai masu zagayawa safe da yamma suna auna zafin jiki, suna duba ƙarin ruwa, suna rubutawa. Ranar da aka sallami maras lafiya duk wannan ido ya ɗauke, aikin ya koma kan matan gida da 'ya'ya da surukai. Cutar da aka kwantar da shi dominta an san da ita. Abin da ba a lura da shi shi ne illar da jinyar kanta ke jawowa: magani da aka ba shi sau biyu, gyambon kwanciya, faɗuwa a bayi, kunu da ya bi hanyar numfashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 1 cikin 10 na cutuwa a yayin da ake kula da lafiyarsa, kuma mafi yawan irin wannan cutuwa a wajen manyan asibitoci abu ne da za a iya kauce masa.

Iyali kan rabu a kan abin yi. Ɗan da ke Duwala ya turo kuɗi ta Orange Money ya ce a sayi na'urori. Yaya babba ta ce a ɗauki nas. Wani ya ce ai yana da lambar likita a waya. Idan aka haɗa da littafin jinya, hanyoyin guda huɗu ne, kuma kowacce akwai abin da ba ta gani.

Ma'aunin da za a bi

Tambaya ta farko: wace illa hanyar ke iya kamawa? Waɗanda suka fi yawa a jinyar gida su ne kuskuren magani, gyambon kwanciya, faɗuwa, faɗuwar suga, ƙarancin ruwa a jiki, ƙwarewa da abinci, sai ƙwayoyin cuta da ke shiga ta robar fitsari ko ta allurar da aka bari a jijiya. Ta biyu: awa nawa ko kwana nawa za a yi kafin a farga? Faɗuwar suga minti take ƙirgawa, gyambo kwanaki. Sannan kuɗi, na farko da na kowane wata. Shirin inshorar lafiya ta kowa da kowa da Kamaru ta ƙaddamar a Afrilun 2023 ya soma ne da yara 'yan ƙasa da shekara 5, masu juna biyu, masu wankin ƙoda da wasu cututtuka, don haka jinyar tsoho a gida daga aljihun iyali take fitowa. Saura ƙarko, wato ko abin zai jure zafin Maris zuwa Mayu da ke haura digiri 40, da ƙurar hunturu, da ɗaukewar wuta. Sauƙin amfani ga wanda ba ya karanta Faransanci. Da kuma haɗarin da hanyar kanta ke kawowa.

Littafin jinya

Littafin rubutu na 'yan makaranta da biro, ƙasa da jaka ɗaya, wato sefa 1,000. Kowace rana shafi guda. A rubuta sunan kowane magani da lokacinsa, wanda ya bayar ya sa alama da sunansa a lokacin da ya bayar. A rubuta kofi nawa na ruwa ya sha, sau nawa ya yi fitsari da launinsa, ko ya yi bayan gida, ƙarfe nawa aka juya shi, da duk wani abu da 'yan dubiya suka kawo ya sha, jiƙo ne ko gari ko ƙwaya. Da boko ko ajami ko Fulatanci, duk ɗaya ne, muddin mutanen gidan na karantawa.

Takardar magani da Faransanci take zuwa, don haka tun a farmasi a sa mai sayarwa ya fassara, a zana rana da wata a jikin kwalin. Ɗaura lokacin magani a kan salloli yana taimakawa, amma da sharaɗi. Maganin kashe ƙwayoyin cuta da aka ce sau uku a rana yana nufin bayan kowace awa 8. Asuba, azahar da wajen ƙarfe 9 na dare sun yi daidai. La'asar, magariba da isha ba su yi ba, don an tara su cikin awa huɗu an bar sauran yinin babu komai.

Ba abin da ya kai littafi kama kuskuren magani, saboda ana iya gwada shi da lissafi. Kwali mai ƙwaya 30, ɗaya a rana, an fara ranar 1 ga wata: daren 10 ga wata saura 20. In an sami 16 to akwai ranakun da aka ninka, galibi uwargida ta bayar da safe sannan 'yar da ta zo daga baya ta sake bayarwa. In an sami 24 an tsallake. Haka nan rubuta sunaye a shafi ɗaya ke tona maganin da ya zo da suna biyu. Doliprane, Efferalgan da Dafalgan duk parasitamol ne. Iyakar babban mutum giram 4 a rana, tsoho mai rama ko mai ciwon hanta ƙasa da haka, kuma wanda aka haɗa masa biyu daga cikinsu zai wuce iyaka ba tare da kowa ya sani ba.

Layin fata shi ne wanda aka fi bari babu rubutu, kuma dalilin kunya ce. Suruka ba za ta yaye zanin surukinta ta duba mazaunansa ba, ɗa namiji ba zai duba na mahaifiyarsa ba, sai kowa ya ɗauka wani ya duba. Tun ranar farko a ware mutum ɗaya wanda al'ada ta yarda masa, ya duba sau biyu a rana: ƙasan baya wajen ƙashin gindi, kwatangwalo, dunduniya, idon sawu, kafaɗa da ƙeya. A baƙar fata farkon gyambo ba ya fitowa ja. Wurin yakan yi duhu fiye da gefensa, ko ya yi sheƙi, ko ya yi tauri ko ɗumi idan an taɓa. Da an ga haka a daina kwantar da shi a kan wurin, kada a murza, a riƙa juya shi bayan kowace awa 2, a sa matashi ƙarƙashin ƙwauri don dunduniya ta rataya.

Raunin littafi mutane ne. Yakan yi mako biyu ana cika shi, sannan a fara rubuta na yini duka da daddare daga tunani, wanda ya fi rashin rubutun haɗari domin yana kwantar da hankali a banza. Kuma idan yarinyar da ke jinya ta san za a yi mata faɗa, ba za ta rubuta cewa Baba ya zame wajen alwala ba. Tsohon da ya bugu a kai na iya yin kwanaki lafiya lau sannan ya fara yawan barci da ruɗewa saboda jini da ke taruwa a hankali a cikin kai, musamman in yana shan asfirin ko wani maganin tsinka jini. In babu faɗuwar a rubuce, likita ba zai haɗa biyun ba. Gidan da ake tsawa kan kuskure, littafinsa ba ya faɗin gaskiya.

Nas mai zuwa gida

Nan ne ake samun idon da ya san abin da yake kallo. Amma ba duk mai farar riga ba ne nas. Akwai mai difloma ta gwamnati wanda ya yi shekara 3, akwai mataimakin jinya mai gajeren horo, akwai kuma wanda ya taɓa zama a wani kanti yana yin allura. Hanya mafi sauƙi ta tantancewa ita ce a je cibiyar lafiya ko asibitin da ya ce yana aiki a tambayi shugaban wurin. Ma'aikatan lafiya na unguwa da na ƙauye suna da amfani wajen tura mutum asibiti, sai dai horonsu ya fi karkata ga zazzaɓin cizon sauro da gudawa da ciwon huhun yara.

Nas nagari, a kowace zuwa, zai buɗe jiki ya duba fata, ya ƙirga ƙwayoyi, ya kalli yadda ake ba da abinci, ya duba roba. Wajen abinci zai ga abin da iyali suka saba da shi har sun daina gani: ana ɗura wa mai shanyewar ɓarin jiki kunu yana kwance, yana tari, muryarsa na yin kamar akwai ruwa a maƙogwaro. Wannan alamar abinci na shiga huhu ce. Gyaransa a zaunar da shi sosai, a sa kunun ya yi kauri, cokali kaɗan kaɗan, kuma ya zauna minti 30 bayan ya gama. Wajen robar fitsari zai tabbatar jakar tana ƙasa da mafitsara ba a kan gado ba, robar ba ta lanƙwashe ba, kuma ya san ranar canji: ta roba zalla makonni kaɗan take yi, ta silikon takan kai mako 12.

Kuɗinsa ciniki ne, 'yan jakkuna a kowace zuwa da kuɗin babur, kuma ba ya ƙarewa. Wanda zai zauna a gidan dare da rana kuwa albashi ne. Mafi ƙarancin albashi a ma'aikatu masu zaman kansu da ba na noma ba jaka 60 ne tun 2023, ƙwararre ba zai tsaya a nan ba.

Haɗarinsa biyu ne. Mako awa 168 ne, in yana zuwa sau biyu bai ga fiye da awa biyu ba, sauran sai abin da aka gaya masa. Na biyun ya fi tsanani: mutanenmu na auna ƙwazon nas da allura da ƙarin ruwa, wanda ya zo ya duba bai soka komai ba sai a ce bai yi aiki ba. Leda biyu ko uku na ruwa a jijiyar tsoho mai raunin zuciya ko ƙoda na iya cika masa huhu, ya kasa numfashi a kwance. Allurar diklofenak da ake yawan yi don ciwon jiki na ɓata ƙoda da ciki, musamman ga wanda bai sha ruwa sosai ba. Shi ya sa ya fi kyau a biya shi kuɗin zuwa, kada a biya shi kan yawan allura, kuma kada a yarda da wata allura ko ƙarin ruwa da babu ita a takardar likita. Duk abin da ya yi ya rubuta a littafi da hannunsa.

Na'urorin awo

Ma'aunin zafin jiki mai batir shi ne mafi araha, jaka ɗaya zuwa 'yan kaɗan, kuma kowane gida ya kamata ya mallaka. Digiri 38 zazzaɓi ne. A yi gwajin maleriya maimakon a ɗauka ita ce, domin a jikin mai robar fitsari ko mai gyambo zazzaɓi na iya zama ƙwayoyin cuta sun shiga jini. A kuma sani cewa tsoho na iya yin mummunar cuta jikinsa bai yi zafi ba, alamar kawai ruɗewa da ƙin abinci. Na nunawa a goshi ba abin dogaro ba ne a ɗakin kwano da tsakar rana.

Na'urar hawan jini: a sayi ta damtse, ta wuyan hannu tana yawan kuskure. Mai kyau takan ci jaka 15 zuwa sama, tana yin shekaru in an kare ta daga ƙura an cire batir idan za ta daɗe a ajiye. Ɗamarar ta dace da kaurin hannun, ƙarama a kan babban damtse na nuna hawan da babu shi. A zauna minti 5 kafin awo, a auna a hannun da ke da lafiya. Ranar komawa asibiti a tafi da ita a gwada da tasu. Mutane na tsoron 18/12 ne kawai, wanda na'ura ke rubutawa 180/120, kuma gaskiya ne in ya zo da ciwon kai mai tsanani, ciwon ƙirji ko dishi-dishi sai asibiti nan take. Amma illar da jinya ke jawowa ta fi zuwa ta ƙasa. Tsoho na shan Lasilix, maganin da ke sa yawan fitsari, a watan Afrilu, yana gumi, ba ya shan ruwa, jininsa ya sauka, ya miƙe jiri ya kwashe shi. A auna shi a kwance, a sake bayan ya tsaya minti 3: in lambar sama ta sauka da maki 2, misali daga 13 zuwa 11, a sanar da likita a ranar. Kada iyali su rage ko su ƙara ƙwaya da kansu.

Na'urar suga ita ce wadda babu madadinta ga mai allurar insulin ko mai shan ƙwayar ciwon suga ta Daonil da ire-irenta. Ita kanta ba ta da tsada sosai, tsinken gwajin ne ke cin kuɗi kowane wata, kuma kowace na'ura da nata. Kafin a saya a tabbatar farmasin garin na sayar da tsinkenta, in ba haka ba bayan kwalin farko ta zama kayan ado. Tsinken ba ya son zafin da ya wuce digiri 30 ko kwalba a buɗe. A wanke hannu kafin huda, yatsan da ya taɓa dabino ko mangwaro na nuna suga mai yawa na ƙarya. A kuma duba da wane ma'auni take magana. Asibitocinmu na cewa 1 g/L. Wata na'urar za ta rubuta wannan 100, wata da aka kawo tsaraba daga waje ta rubuta 5.5. Ƙasa da 0.70 g/L, wato 70 ko 3.9, faɗuwar suga ce: gumi, rawar jiki, ruɗewa, wani lokacin faɗa babu dalili. In yana farke a ba shi ƙwayar suga 3 a ruwa, a sake gwadawa bayan minti 15. In ya suma kada a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi a gefe a nufi asibiti. Abin da ke jawo ta kusan kullum ɗaya ne: an yi allura ko an sha ƙwaya, abinci bai shiga ba, ko an ɗauki azumi ba a tuntuɓi likita ba. Akwai kuma kuskuren sirinji. Insulin mai lamba 100 da aka ja da sirinji mai lamba 40 ya ninka adadin sau biyu da rabi, don haka lambar kwalba da ta sirinji su zama ɗaya. Kwalbar da aka fara takan yi kamar mako 4 in ba ta yi zafi ba. Inda wuta ba ta tsayawa, tukunyar ƙasa mai jiƙaƙƙen yashi a inuwa ta fi firjin da ke mutuwa yana tashi, kuma insulin da ya daskare ya lalace.

Ta yatsa mai auna iska a jini ita ce ta ƙarshe a jerin sayayya, sai ga mai ciwon huhu ko zuciya. Wani bincike na jami'ar Mishigan a Amurka a 2020 ya nuna takan ɓoye ƙarancin iska a jikin baƙar fata kusan ninki uku fiye da farar fata. Baƙin lalle, jan farce da sanyin yatsa ma na rikita ta. Ƙirga numfashi na cikakken minti ɗaya kyauta ne: 12 zuwa 20 daidai ne, 22 zuwa sama tare da ruɗewa alamar haɗari ce ko da na'urar na nuna 96.

Babu ɗaya cikin na'urorin nan da ke ganin gyambo, faɗuwa ko ƙwarewa. Kuma lambar da ba a rubuta ba ta ɓace, domin 11/7 ba ta nufin komai sai an san jiya 15/9 ne.

Waya da WhatsApp

Kusan kyauta ce, kuma ga mutanen ƙauyen da ke da nisa da Gider ko Mokolo ko Kusiri tana rage tafiyar banza. Ta fi amfani wajen bibiyar gyambo: hoto da hasken rana, daga nisa ɗaya kullum, da sulalla a gefe don a ga girman. Hoton shafin littafi da na kwalayen magani ya fi dogon saƙon murya.

Waya ba ta jin wari, ba ta taɓa ciki, abin da aka nuna mata kawai take gani. In likitan alfarma yake yi, ƙarfe 2 na dare ba zai amsa ba, kuma jiran amsarsa na cinye lokacin da ya kamata a kama hanya. A yi magana tun farko: wane lokaci zai amsa, nawa za a biya, wa za a kira in ba a same shi ba. Mutum ɗaya ya riƙa magana da shi. Hoton jikin mahaifi ko mahaifiya kada ya shiga zauren dangi, inda mutum goma za su ba da shawara goma kuma hoton ya wuce inda ba a so.

| Hanya | Abin da ta fi kamawa | Abin da ba ta gani | Kuɗi | Ƙarko | Haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Littafi | kuskuren magani, ƙarancin ruwa, sauyi a hankali | ma'anar abin da aka rubuta | ƙasa da jaka 1 | ya dogara da mai riƙe shi | cike shi daga tunani, ɓoye kuskure |
| Nas | gyambo, roba, ƙwarewa | abin da ya faru bayan tafiyarsa | mafi tsada, kowane mako | har kuɗi ya ƙare | allura da ƙarin ruwa marasa dalili |
| Na'urori | faɗuwar suga, saukar jini, zazzaɓi | fata, faɗuwa, haɗiya | tsada da farko, tsinke kowane wata | shekaru, in an kare daga zafi | lambar ƙarya, canza magani a gida |
| Waya | ci gaban gyambo, saurin shawara | duk abin da ba a nuna ba | kuɗin data | ya dogara da sabis da likitan | jinkiri, tonon asiri |

Wa ya dace da wanne

Mai shanyewar ɓarin jiki da ke kwance, ko tsohon da ya karye a kwatangwalo: littafi da nas. Sau biyu a mako a watan farko, lokacin da iyali ke koyon juyawa da ba da abinci, sannan a rage zuwa sau ɗaya. Kuɗin na'urar yatsa gara a sa shi a katifa mai taushi da matasai.

Mai insulin ko Daonil: na'urar suga kafin komai, da ƙwayar suga a ajiye kusa da gado, da littafi mai layin abinci kusa da layin magani. Nas ya zo sau ɗaya ko biyu ya kalli yadda ake jan allurar ya isa.

Mai hawan jini ko ciwon zuciya da ke tafiya da ƙafarsa: na'urar damtse da littafi, awo a lokaci ɗaya kullum, sai likita a waya. Ba ya buƙatar nas na kowane mako.

Mai robar fitsari, robar abinci ta hanci, ko rauni bayan aiki: nas dole ne, da ma'aunin zafin jiki safe da yamma.

Akwai alamun da ba littafi ba nas ba waya, mota ce kawai: suma ko ruɗewa kwatsam, karkacewar baki, numfashi sama-sama, yini guda babu fitsari, aman jini ko baƙin bayan gida kamar kwalta. A rubuta lambar direba biyu a bangon littafin, ɗaya mai amsawa da dare.

Gidan da kuɗinsa bai kai na nas ko na'ura ba: littafi, ma'aunin zafin jiki, mutum ɗaya mai duba fata, kuma duk ranar zuwa cibiyar lafiya a kwashe dukkan kwalayen magani da ke ɗakin a leda, har da na kasuwa da na gargajiya, a zube wa ma'aikacin a kan teburi.